Tauraron Da Ke Ratsa Kanmu Ba Sallama

Mu dai a nan Gusau ba ma ɗaga kai sama sai da dalili. Ranar 29 ga Sha'aban kowa masanin sama ne. Ana idar da Magariba za ka ga dattawa sun yi cirko-cirko a ƙofar masallaci, hannu a goshi, ana nuna yamma. Wani ya rantse ya gani, wani ya ce yankin gajimare ne. Daga nan kowa ya koma gida ya jira sanarwar Sarkin Musulmi a rediyo, don duk rantsuwar nan ba ta taɓa sa kowa ɗaukar azumi ba. Sai kuma Mayu da Yuni, an kai taki gona, iri na cikin buhu, ido ya koma gabas neman hadari. A shekarun nan an ƙara mana wani dalilin da ba mu roƙa ba, wato ƙugin jirgin yaƙi in ya nufi daji. Ranar 29 ga Maris 2006 ce gari ya kalli sama baki ɗaya, da hantsi, lokacin da wata ya rufe rana ruf, duhu ya sauka a Gusau da Katsina na 'yan mintoci, kaji suka nufi akurki, masallatai suka cika. Rana na fitowa kowa ya koma sabgarsa.

Kuma ba gado muka rasa ba. Je ka Bungudu ko Tsafe ka zauna da tsohon manomi, zai lissafa maka taurarin shekara 28, bakwai-bakwai ga bazara da damina da kaka da ɗari, kowanne kwana 13, Jabha ce kaɗai mai 14, a haɗa a sami 365. Zai gaya maka Nasara ta fita an shiga Ɗarfa, ya gaya maka irin ruwan da ake sa rai. Ce masa ya nuna maka Ɗarfar da yatsa. Kalandar da ke rataye a zaure zai nuna maka. Abin da ya rage mana a ido bai wuce Kaza da 'ya'yanta ba, sai Zara matar wata, sai Gamzaki ga masu sammako. A ƙasar da ta yi 'Yandoto, garin malamai, nan kusa da Tsafe, kuma maƙwabciyar Katsinar da ta haifi Muhammad al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari da ya rasu a Alƙahira a 1741, wannan abin a ɗan ji kunya ne.

A majalisarmu akwai wani malamin kimiyya na sakandare, duk unguwa Ticha muke ce masa, har matarsa. Wani dare cikin Afrilu, an ɗauke wuta, zafi ya koro kowa waje, muna zube a kan tabarmi bayan Isha'i, sai ya miƙa hannu sama sak ya ce, "Kun ga taurarin can masu kama da lauje? Jabha ke nan da kuke ta faɗa. Dab da ita akwai wani tauraro da ke kan gargara."

Baba mai gadi ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi. "Ina shi ke?"

"Ai ba a ganin shi, Baba."

"To ka ji! Wanga abu da ba a gani, ƙaƙa anka san shina nan? Gani ya kori ji, Ticha."

Aka yi dariya, aka bar Ticha da hannu a sama. Amma gaskiyarsa ce. Sunan tauraron CW Leonis, masana kuma sun fi kiransa da lambarsa, IRC +10216. Wani Ba'amurke, Eric Becklin, da abokan aikinsa suka gano shi a 1969 a Kalifoniya. Haskensa kan yi wajen shekara 400 a hanya kafin ya iso nan. Gusau na digiri 12 da ɗoriya arewa da tsakiyar duniya, shi kuma yana digiri 13 arewa a taswirar sama, don haka kullum ta Allah sai ya ratsa kusan ta tsakar kanmu, da Bungudu da Tsafe duka, wani lokaci da rana, wani lokaci da dare. Ƙarfin haskensa ya ninka na Rana sau dubbai. Duk da haka ko da madubin hangen nesa mai kyau da ƙyar ake tsinkayarsa, saboda ya lulluɓe kansa da kunkunniyar da shi kansa yake fesowa.

Matan gidajenmu sun fi mu saurin gane wannan. Kafin ashana ta yi arha, kafin gas, in an gama tuwon dare ba a kashe wuta, binne garwashin ake yi a toka. Da asuba a turo yarinya daga maƙwabta da kasko, "wai a sam mana wuta." Uwar gida ba ta ganin komai a murhun sai toka fari fat. Tafin hannu take ɗorawa a sama, ta ji ɗumi, ta san inda za ta tona. Tokar ta tare jan garwashin, amma ita kanta ta ɗauki zafi tana fitar da shi. Haka ƙurar tauraron nan take yi: ta haɗiye hasken da ido ke gani, ta ɗumama, ta mayar da shi waje a wani irin haske da ido ba ya kamawa. In da wannan hasken muke gani, da CW Leonis na cikin mafiya haske a duk sama in an cire Rana da 'yan gidanta, da kuma tuni kakanninmu sun raɗa masa suna sun sa shi a lissafin damina.

Abin dariyar shi ne wannan haske, infirared, a hannunmu yake kwana. Rimot ɗin talabijin da yara ke faɗa a kai, da shi yake magana. Ticha ya aika aka ɗauko na gidan Alhaji, ya buɗe kyamarar waya, ya saita bakin rimot ya danna. A ido ba komai, a fuskar wayar kuwa ga wani ɗan haske fari-fari mai ratsin shuɗi yana ƙyaftawa. Sai da wayar ta zaga hannu takwas ko fiye, Baba mai gadi ya danna da kansa, ya yi salati. Waɗanda suka yi samartaka a zamanin Nokia sun tuna yadda ake jera waya biyu baki da baki a kan benci, a hana kowa motsi, ana tura waƙa ɗaya har shayi ya huce. A 2020 kuma, lokacin korona, da aka riƙa saita mana wata 'yar bindiga a goshi a ƙofar banki da asibiti, mu ne muka yi ta kaucewa muna miƙa hannu, wai kada ta taɓa ƙwaƙwalwa. Alhali ba abin da take harbawa na aunawa. Karɓa take yi. Jikin mutum kullum cikin fitar da wannan haske yake, ita kuwa ta auna yawansa ta faɗi zafin jiki.

Wanda ya fara gano shi ma da ma'aunin zafi ya gano. William Herschel, Bajamushe mazaunin Ingila, a 1800 ya ratsa hasken rana ta gilashi mai kusurwa uku, launuka suka baje irin na bakan gizo, ya bi su yana auna zafin kowanne. Da ya ajiye ma'aunin gaba da ja, inda ba launin komai, sai zafi ya ƙara hawa. Tsawon zangon jan da ido ke gani kan ƙare a wajen mikron 0.7, mikron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Rimot na aiki a wajen 0.94, jikinmu a wajen 10.

To me ke sa tauraro ya binne kansa? Tauraro irin Rana, har zuwa wanda ya ninka ta nauyi sau 8, yana rayuwa ne da narka haidirojin ya koma hiliyom a cikinsa. In na tsakiya ya ƙare sai ya kumbura ya yi ja, daga baya ya shiga narka hiliyom ɗin ya koma kabon da oksijin. A ƙarshen tsufa ya zama ƙato na gaske, faɗinsa ya ninka na Rana sau ɗaruruwa, fatarsa ta yi sanyi, ta sauko wajen digiri 2,000 zuwa 3,000, alhali ta Rana na wajen 5,500. Sai ya riƙa kumbura yana saɓewa, CW Leonis kan ɗauki wajen kwana 640 kafin ya kammala zagaye ɗaya. Kowace kumbura na cilla iskar jikinsa waje, in ta yi nisa ta huce sai ta daskare ta zama ƙura. In oksijin ya fi yawa, ƙurar dangin yashi ce. In kabon ya rinjaya, kamar a wannan namu, baƙar kunkunniya ce. Hasken tauraron ya tura ƙurar, ƙurar ta ja iska, duka su yi gaba da gudun wajen kilomita 14 a sakan ɗaya. Daga Gusau zuwa Bungudu bai kai sakan biyu ba. Abin da yake zubarwa a shekara guda ya fi nauyin duniyarmu ninki-ba-ninki. Masana sun tsinci sinadarai sama da 50 a cikin hayaƙinsa, a 1987 har gishirin miya suka gano. Mai shayi ya ce saura a gano sukari, ko farashi ya sauko.

Inda zancen ya fi daɗi shi ne ɗan tsakanin nan, bayan tauraron ya gama tuɓe rigarsa, kafin gawarsa ta haska. Shekaru 'yan dubbai ne kacal, a rayuwar da ake lissafawa da biliyoyi, shi ya sa kama tauraro a wannan hali ke da wuya. Zubar ta tsaya, ƙurar ta yi nisa, ta bar fili tsakaninta da abin da ya rage, shi kuma yana ƙanƙancewa yana ƙara zafi. Masana kan gane irinsu ta haske mai tozo biyu: ɗaya na tauraron da ya fara leƙowa, ɗaya can cikin infirared mai dogon zango, mikron 25 zuwa sama, na ƙurar da ta ja da baya. Ƙurar nan kan kai digiri 100 ƙasa da sifiri, ko fiye.

Nan Alhaji ya tare shi. "Tsaya, Ticha. Ɗazu kac ce zahi, yanzu ka ce ta hi firiza sanyi. Wanne za mu ɗauka?"

Duka biyu. Duk abin da bai kai ƙarshen sanyi ba, wato digiri 273 ƙasa da sifiri, yana fitar da nasa hasken, ko ƙanƙara ce. Iyaka dai in abu ya yi sanyi zangon haskensa ya ƙara tsawo, ya ƙara nisa da ido. Wahalar kenan. Tururin ruwan da ke cikin iskarmu yana shanye yawancin wannan haske, shi kansa madubin da za a duba da shi yana fitar da nasa ya rufe na tauraron. Dole aka fita da na'ura waje da iska, aka kuma sanyaya ta. Ranar 25 ga Janairu 1983 Amurka da Holan da Birtaniya suka harba tauraron ɗan'adam mai suna IRAS, madubinsa bai cika santimita 60 ba, an jiƙa shi cikin ruwan hiliyom mai sanyin wajen digiri 271 ƙasa da sifiri. Wata goma ya yi yana aiki, hiliyom ya ƙare a Nuwamba, aiki ya tsaya. A wata goman nan ya rubuta wurare wajen 350,000 masu fitar da infirared, kuma daga wannan rajista aka tsamo yawancin taurarin da ke wannan tsakani.

Wasu an riga an san su tun shekarun 1970, daga rokokin binciken sojan saman Amurka, irin su wanda ake kira Ƙwai, mai nisan wajen shekarar haske 3,000, da Jan Murabba'i. Akwai Bumeran, wanda iskarsa ke buɗewa da gudun da ya sa ta huce har digiri 272 ƙasa da sifiri, aka auna a 1995, ba a san wani wuri a halitta da ya fi shi sanyi ba. Abin da ya fi ɗaure wa masana kai shi ne siffa. Tsohon tauraro kan zubar da kayansa ta ko'ina daidai, amma a ɗan tsakanin nan sai a ga hayaƙin ya tsuke a ƙugu ya yi fukafukai biyu, wani har da feshi ta gefe da gefe. Mafi yawansu na zargin akwai tauraro na biyu a kusa da ke juya kayan. A 1989 kuma Sun Kwok da Kevin Volk da Bruce Hrivnak suka ga wata alama a mikron 21 cikin bayanan IRAS, a jikin irin waɗannan taurari masu kabon, har yau ana gardamar wane sinadari ne ke yin ta. Na ji daɗin wannan, don mu a majalisa in gardama ta kwana uku sai a ce mun cika surutu.

In abin da ya rage a tsakiya ya kai zafin wajen digiri 30,000, sai haskensa ya kunna iskar da ya zubar, ta kama ƙyalli kore da ja. Wannan ne nebula mai kama da duniya, sunan da ya samo asali tun zamanin Herschel, don a ƙananan madubansu sun gan su kewayayyu kamar duniyoyi, ko da yake ba abin da ya haɗa su. Charles Messier na Faransa ya fara ganin irinta a 1764. Kwalliyar ba ta daɗewa, shekara 10,000 zuwa 20,000 ta watse, a bar wani ɗan dunƙule mai girman duniyarmu da nauyin wajen rabin Rana ko fiye, farin wada, yana hucewa. Madubin James Webb, da aka harba ranar 25 ga Disamba 2021, mai faɗin mita 6.5, da infirared yake gani. Cikin hotunansa na farko da aka fitar ranar 12 ga Yuli 2022 akwai Zoben Kudu, inda aka ga taurari biyu a tsakiya, kuma mai gawar, wanda ya fi dushewa, har yanzu da ƙura kewaye da shi. Hoton ya zaga wayoyinmu a WhatsApp a lokacin, wani ya ɗora masa rubutu wai ƙofar sama ce, muka yi ta turawa da "kar ka bari ya tsaya a wurinka."

Da Ticha ya ce ita ma Rana wannan hanyar za ta bi nan da wajen shekara biliyan 5, sai kowa ya juya wajen Liman. Liman bai ɗaga murya ba. Ya ce ƙarewar rana ba sabon labari ba ne a wurin Musulmi, lokacin ne dai ba wanda aka ba sani. Ticha ya ce, "Allah shi gafarta Malam, lissafin mai ne kawai muka yi, in an bar ta ta ƙone shi." Liman ya ce to madalla. Na so a ce duk gardamar boko da zaure haka take ƙarewa.

Tambayar da na san dole ta zo, wani matashi mai sayar da kati ne ya yi ta: "To Ticha, akwai zinari a ciki?" Mu Zamfarawa ke nan, ko rijiya aka haƙa sai mun leƙa ƙasar. Amsar ba ta yi mana daɗi ba. Yawancin zinari a wani wuri daban ake ƙera shi, irin karon gawarwakin manyan taurari da aka hango a 2017. Su waɗannan tsofaffin masu ƙura, abin da suke dafawa a hankali cikin dubban shekaru ya haɗa da kaso mai yawa na dalmar da ke cikin ƙasa. Tun 1952 Paul Merrill ya ga alamar teknetiyom a jikin irinsu, sinadarin da ba ya daɗewa, wanda ya nuna a nan cikin tauraron ake yin sa. Ba wanda ya yi raha a kan dalma. A 2010 gubarta, daga dutsen zinarin da ake daka a cikin gidaje, ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kuma da wuya ka sami majalisa a Gusau da ba wanda ya san wani gida a can.

Ƙurar da kanta ma tana isowa gare mu, har a riƙe ta a hannu. Mutanen Tsafe sun san labarin dutsen Zagami, nan ƙasar Faskari, maƙwabtansu, wanda ya faɗo ranar 3 ga Oktoba 1962 dab da wani manomi a gonarsa, kilo 18, daga baya aka tabbatar ɓallin duniyar Mas ne. Yau giram-giram ake sayar da shi a Turai da Amurka. Shi wannan narkakken dutse ne, bai riƙe tsohuwar ƙura ba. Amma wanda ya faɗo a Murchison ta Ostareliya a 1969, da aka narkar da shi da asid sai aka sami 'yan ƙwayoyi na silikon da kabon, irin sinadarin da ke jikin wata samfefar kafinta, waɗanda suka daskare a hayaƙin taurari irin CW Leonis tun ba a yi Rana ba. Binciken da aka fitar a 2020 ya ba wasunsu shekara biliyan 5 zuwa 7. Rana tana da 4.6.

Baba mai gadi dai bai sauka daga bakansa ba, shi a nuna masa da ido. Akwai wanda za a iya nuna masa. Mira, kudu maso yamma da Kaza, tsohon tauraro ne mai kumbura da saɓewa wanda ƙurarsa ba ta kai ta rufe shi ba. Wani limamin coci Bajamushe, David Fabricius, ya lura da shi a 1596. Duk kwana 332 yakan fito ja, ido ya gan shi na 'yan watanni, sannan ya dushe har ya ɓace sarai. Da yake zagayen bai cika shekara ba, fitowarsa kan matso gaba da wajen wata guda duk shekara, wata shekarar ta faɗo lokacin da yake kusa da Rana a rasa shi. Daga Oktoba zuwa Janairu yake sama da dare, sai dai daga Disamba ƙurar hunturu da ke tasowa daga Bodele ta ƙasar Chadi takan shafe ƙananan taurari, don haka kaka ta fi, in fitowar ta dace da ita.

Sai maganar wuri. Cikin gari fitilun sola sun yi yawa. Wani ya ce ai kan dutsen Kwatarkwashi ya fi ko'ina, aka dube shi aka ce ya fara hawa da dare a wannan zamani, in ya dawo ya ba mu labari. Aka tsaya a kan soron Alhaji, da sharaɗin ranar ba zai tada janareta ba. Alhaji ya ce zai yi shawara, don akwai firiza uku na ƙanƙarar sayarwa a gidan, kuma ba shi ne mai su ba, Hajiya ce.